Ranar da Aka Wanke Kaka

Ku da kuke cewa khal, ruwan tsamin nan na inabi, ba sana'a ba ce, wai inabi ne kawai ake mantawa da shi a randa har ya yi tsami, ku matso ku ji. Jikana ne ya fara faɗa mini haka, yana danna waya, ko kallona bai yi ba. Ya ce a kanti riyal uku ake sayar da kwalba, fari tas kamar ruwan famfo, don me namu zai yi tsadar turare? Ban zage shi ba. Na dai ce masa ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya sa shi tsamin nan ya ci shekara arba'in da tara yana yi.

Ni Sa'idu, ina ɗan shekara goma sha shida mahaifina ya kama hannuna ya kai ni gidan Baffa Mahmudu a unguwar Tandabawi. Mu ta Sudan muka zo Makka. Mahaifina ɗinkin hula yake yi, kuma ya gaji da yadda nake karya masa allurai. Gidan Baffa kuwa tsohon gida ne a wannan sana'a. Mahaifinsa, Alhaji Bala, da ƙafa ya zo daga Kano, ya yi wa wani mai gonar inabi a Ɗa'ifa aiki shekara tara, ya sauko Makka da ilimin a kansa da randa ɗaya a kan jaki. Duk mai sayar da dafaffen waken nan, ful, da ya san ciwon kansa a gidan yake saye, haka masu jiƙa kayan lambu a tsami, haka 'yan uwanmu masu tsire.

Aikina na farko wankin ludayi ne, kuma wata huɗu na yi a kansa. Ludayin ƙwarya ne mai dogon hannu, don ƙarfe ba ya shiga randar khal, ko cokali ne. A wanke shi, a shanya a inuwa, a jira har ya bushe ƙayau. Ranar da na miƙa wa Baffa shi da ɗigon ruwa ɗaya a gindinsa, sai ya kife mini shi a ka. Ruwa shi ne babban abokin gabarmu, bayansa ƙananan ƙudajen nan da ke jin ƙanshin tsami tun daga Jidda. Sauran kayan aikin ba su da yawa: farin ƙyalle na tata, mazurarin katako, da faifan da ake ɗorawa a kan ƙyallen da aka ɗaure bakin randa da shi, don ta yi numfashi ba tare da wani abu ya faɗa ba.

Ɗakin khal a ƙasan gidan yake, bangonsa na dutse, kaurinsa ya kai kamu biyu, shi ya sa ko a tsakiyar zafin Makka za ka ji sanyi-sanyi in ka shiga. Randunan ba irin na ruwa ba ne masu tsatsafo, cikinsu a shafe yake sumul kamar tangaran. Goma sha biyu a jere a gefen hagu, su muke kira 'yan mata, sabon khal ne a cikinsu. Biyar a gefen dama, su ne iyaye. Can ƙuryar ɗaki kuma, a kan dakali, randa ɗaya ce baƙa da ta kai mini ƙirji, wadda Alhaji Bala ya sauko da ita daga Ɗa'ifa. Ita ce Kaka.

Sau ɗaya ake buɗe Kaka a shekara. A ɗaga fatar da ke kwance a samanta a hankali, wadda muke kira riga, a ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu, ba a ƙara ko ludayi. A cike gurbin daga iyaye, a cike iyaye daga 'yan mata, a cike 'yan mata da sabon inabi. Ba a taɓa ganin gindinta. Saboda haka kowace kwalba da ta fita daga cikinta tana ɗauke da wani abu, komai ƙanƙantarsa, na ranar farko. Launinta kamar baƙin shayi, ba ta da zaƙi ko kaɗan, kuma ba ta yankar maƙogwaro irin na kanti. Ɗigo uku a kan kwanon ful sun isa maƙwabci ya leƙo. Almajirin sana'a ba ya ɗanɗana ta sai ya cika shekara bakwai, kuma wannan dokar ku riƙe ta, za ta dawo.

Ranar matsar inabi ita ce ranar da Baffa ba ya dariya da kowa. Motar Ɗa'ifa ta iso da hantsi, a tsince ruɓaɓɓe, a matse, a tace, kuma kafin a kira magariba dole an zuba wa sabon ruwan tsohon khal mai yawa, don kada ya tsaya a hanya ya zama abin da Allah ya haramta. "A Makka muke," haka yake cewa, "ba abin da zai kwana a gidana yana shawarar zama giya." Akwai wani likita ɗan Maroko da ya zo Umara, aka kwatanta masa gidan. Ya shiga ɗakin, ya ga jerin randuna, ya ji bayanin yadda ake cike wannan daga waccan, sai ya ce ai haka Turawan Andalus suke tsofar da wata giyarsu mai tsada, ganga bisa ganga, gida ɗaya tun kakanni. Na zaci Baffa zai kore shi. Sai ya ɗaure bakin kwalbar a natse, ya miƙa masa, ya ce, "Allah Ya shirye su. A rabin hanya suka sauka, mu muka ƙarasa."

A shekarata ta biyu ya ba ni randa ɗaya ƙarama ya ce in haɗa da hannuna, daga tsintar inabi har ɗaurin baki. Wata goma ina kewaya ta kamar kaza da ƙwai. Ranar da aka buɗe, ya ɗiba, ya shaƙa, ya sa a baki, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya tofar a ƙasa.

"Wannan ko jaki aka ba sai ya yi ƙara wurin alƙali," in ji shi. "Kai ta ɗakin sama, kada in ƙara ganinta."

Na kai ta ɗakin da ake ajiye tsofaffin tabarmi, a hawa na biyu. Na sauko raina a ɓace, har na yi tunanin komawa ga allurai.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekara. Na raka mahaifina Sudan ta'aziyyar kakata, muka yi wata biyu. A bayanmu aka yi ruwan da ya sauko daga duwatsu, irin wanda ku ba ku sani ba tunda an gina magudanai. Da na dawo na tarar da alamar laka a bangon ɗakin khal, 'yan mata da iyaye duk a wanke a kife a tsakar gida. Kaka ce kaɗai a mazauninta, bakinta a ɗaure. Baffa ya ce dakalinta ne ya cece ta, amma ta firgita, ba za a taɓa ta ba sai bayan shekara uku. Na hau sama in duba 'yar randata, na tarar ba komai a ciki. Na tambaya, ya ce ya zubar, wari take yi masa.

Shekara ukun nan mun ji jiki. Gidan da aka san shi da Kaka ya koma sayar da ɗanyen khal kamar kowa, masu saye suka ragu, har Inna Rakiya, matar Baffa, ta koma soya sambusa ana kai wa bakin masallaci. Ranar da aka sake buɗe Kaka, wani tsoho ɗan Yaman mai sayar da ful, wanda tun zamanin Alhaji Bala yake saye, ya shaƙi kwalbarsa ya kalli Baffa ya ce, "Ta canza." Baffa ya ce, "Kai ma ka canza." Tsohon ya yi dariya, ya biya, ya tafi, kuma bai daina zuwa ba har ya mutu. Ni a lokacin ban isa ɗanɗanawa ba, sai shekara guda bayan haka aka sa mini ita a harshe. Ba ni da abin da zan gwada ta da shi, na dai san ban taɓa jin irinta ba.

Daga nan ni na zama bakin gidan. Baffa ba mai son surutu ba ne, ni kuwa Allah Ya hore mini. Duk wanda ya yi ƙorafin tsada sai in ja shi bakin ƙofar ɗakin, in nuna masa ƙuryar, in ce wannan da kake gani tun hannun Alhaji Bala ba ta taɓa yankewa ba. Wata rana na ƙara da "wallahi". Bayan mai sayen ya fita Baffa ya kama kunnena, ina da aure har da 'ya, ya ce, "Kada ka ƙara rantsuwa a kan khal." Na ɗauka tsoron Allah ne kawai irin na dattawa. Na bar rantsuwa, ban bar labarin ba.

Baffa ya rasu yau shekara goma sha biyar. Ɗansa aikin ofis ya yi har shi ma ya koma ga Allah, gidan ya faɗa hannun jikansa Faisal, wanda ke aiki a kamfanin motocin alhazai a unguwar Kudai. Faisal yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa in ya gaji. Sana'ar ya bar mini ita gaba ɗaya. In na ce ya sauko ya ga yadda ake ɗaga riga, sai ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, "Ammi Sa'idu, ai kana nan." Ni ma na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Mutum yana son a ce ba mai iyawa sai shi.

Shekara uku da suka wuce aikin faɗaɗa gari ya iso layinmu, aka ce a tashi. Faisal ya sami gida mai ɗakin ƙasa a unguwar Zahir. Kwana biyu na yi ina shirya tafiyar Kaka kaɗai. Na naɗe ta da barguna, na ɗaure bakinta ninki uku, mutum huɗu suka ɗora ta a ƙaramar motar kaya, na zauna a baya na rungume ta, direba yana tafiya kamar mai kai amarya, motoci na ta yi mana hon. Muka sauke ta lafiya, ko ɗigo bai zuba ba. Ba a gina mata dakali ba tukuna, sai na ajiye ta a ƙasa kusa da randunan ruwa guda biyu na gidan. Ban rubuta komai a jikinta ba. A Tandabawi ko yaron goye ya san Kaka, bai taɓa zo mini a rai cewa akwai unguwar da ba a san ta ba. Na koma kwaso iyaye.

Kun san al'adar Makka in an tare a sabon gida. Matan maƙwabta su shigo taya aiki, a wanke randunan ruwa, a kifa su a kan kasko a turara su da ƙaron mistika, a cika su da Zamzam don baƙin da za su zo barka. Al'ada ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi.

Bayan la'asar muka dawo. Tun daga bakin layi na ji ƙanshin, kuma na san shi kamar yadda na san muryar 'ya'yana. Na ce wa direba ya tsaya. Na sauka na bi kwatar da ke gefen hanya da ido, wani baƙin ruwa yana gangarawa a hankali, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ban san lokacin da na shiga gidan ba. Ɗakin ƙasa cike yake da hayaƙin mistika, randa uku a jere suna sheƙi, an ɗora wa kowacce sabon kofi a ka. Bargunana a ninke a gefe, an ninke su da kyau.

Wata dattijuwa ce ta yi magana daga bakin ƙofa, maƙwabciyarsu, Ummu Hani ake ce mata, asalin iyayenta Sakkwato. "Sannu da aiki, ya ammi. Wannan babbar ta ba mu wuya ƙwarai. Khal ne ya lalace a ciki, ya yi baƙi, har ya yi fata. Da bokiti muka kwashe ni da 'ya'yana, sai da muka yi mata wanki uku." Ta ɗebo ruwa daga cikin Kaka a kofi, ta miƙo mini. "Sha, ka sha rana."

Na karɓa. Zamzam ne, ba a mayar da shi. Na fuskanci alƙibla na sha, sannan na zauna a ƙasa. Matar ta ga fuskata, ta ce, "Ya Sattar, me na yi?" Me zan ce wa matar da ta bar girkinta ta zo ta yi mana alheri? Faisal ya sauko da gudu, ya leƙa randar, ya kalle ni, ya sa hannu biyu a ka. Shi da ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga rigarta ba, sai ga shi yana hawaye. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Kwana uku ban je gidan ba. Ina kwance ina lissafa wa na sayar wa kwalba a bana, ko zan bi su gida gida in roƙi abin da ya rage, ko rabin kofi ne, in mayar a randar don kada igiyar Alhaji Bala ta tsinke a hannuna. Tsoron da nake ji ke nan, cewa mutum biyu sun riƙe amana kusan shekara casa'in, ni na zo na yar da ita a kwata saboda ƙyashin rubuta kalma ɗaya.

A rana ta huɗu Inna Rakiya ta aiko a kira ni. Ta haura tamanin da biyar, idonta ya tafi, amma kunnenta da harshenta suna nan daram. Na same ta da hantsi a kan darduma, na durƙusa na gaishe ta, na fara ba da haƙuri.

"Rufe mini baki," ta ce. "An ce ka daina cin abinci saboda khal ɗin Alhaji Bala."

"Inna, amana ce."

"Khal ɗin Alhaji Bala ya mutu kana Sudan."

Na ce ban ji ba. Ta ce na ji sarai.

"Ruwan nan ya haye dakali, ya shiga bakinta, ya cika ta da laka. Ni da Baffanka muka wanke ta, da hannun nan nawa. Duk gidan ba abin da ya tsira sai 'yar randarka da ke sama. Ita ya sauko da ita ya juye a cikin Kaka, ya yi ta ciyar da ita shekara uku."

"Wadda ya ce ko jaki ba zai sha ba?"

"Ita. Ranar da ya tofar ɗin nan ya hawo ya same ni a kicin, ya ce, Rakiya, yaron nan hannunsa ya fi nawa, in na faɗa masa ya lalace. Don me kake tsammani ya ce ka kai ta sama? Ajiya ya yi."

Na zauna sosai a ƙasa. Na tambaye ta me ya hana shi faɗa mini daga baya, bayan na girma, bayan na yi furfura a gabansa.

"Da fari gudun kumburin kanka. Daga baya kunya. Yana jin ka kana cika baki da sunan ubansa, ya rasa ta inda zai fara. Rantsuwar ce kawai ya iya hana ka. Ni kuma ya ce kada in faɗa sai in ta zama dole." Ta lalubo carbinta. "To ta zama. Tashi ka je ka ci abinci, ka ishe mu."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na ji haushin Baffa, haushi na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba yana raye. Shekara arba'in da uku ina gadin abin da na ɗauka gadon wani ne, ina yi masa ladabi, ina sassauta murya in na shiga ɗakin, ashe aikin hannuna ne na ɗan shekara goma sha bakwai. Kuma shekarun nan duka ina tsaye a Makka, tafiyar 'yan mintoci daga Harami, ina faɗa wa bayin Allah abin da ba haka yake ba. Na bi waɗanda zan iya samu cikin tsofaffin masu saye na warware musu. Wasu suka yi dariya, wani ya ɓata rai bai sake dawowa ba, kuma yana da gaskiya. Ɗan tsohon nan na Yaman, wanda ya gaji tukunyar ful ɗin ubansa, ya ce mini, "Ai babana ya faɗa mana tun muna yara. Mun zaci ka sani."

Kaka tana nan a Zahir, an gina mata dakali, na rubuta sunanta a jiki da Larabci da Hausa da baƙin fenti. Ƙanshin mistika bai bar ta ba sai da na yi wata shida ina jiƙa ta da ɗanyen khal ina zubarwa. Yanzu abin da ke cikinta daga iyaye ya fito, kuma duk wanda ya tambayi shekarunta ina faɗa masa daidai, ba ƙari. Ummu Hani har yau in ta hango ni sai ta canza hanya, duk da kwalba biyu da na aika mata.

Faisal ne ya ba ni mamaki. Sati biyu bayan abin ya sauko ɗakin ƙasa da kayan aikinsa na kamfani a jiki, ya ce in nuna masa. Na miƙa masa ludayi na ce ya wanke. Mutum mai 'ya'ya uku, ya yi wata huɗu yana wankin ludayi bayan ya taso daga Kudai, kuma sau ɗaya na kife masa shi a ka. Bara na ba shi randa ƙarama ya haɗa da hannunsa. Watan jiya muka buɗe.

Na ɗiba, na shaƙa, na sa a baki. Yana tsaye yana kallona, ya ƙi ko numfashi. Na daɗe ban haɗiye ba, kuma maganar jakin nan tana kan harshena, a shirye, da muryar Baffa da komai. Sai na haɗiye.

"Ya yi," na ce. "Ya fi nawa na farko, kuma nawa na farko ya riƙe gidan nan shekara arba'in da uku."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

"Ɗaure bakinta, ka rubuta sunanka a jiki. Sannan ka kai ta sama."